Me za mu kira ƙarfen da ake kwantar da babban fiyano da shi?

Jama'a assalamu alaikum. Masu Hausa a baki, ku taimaka min.

Aikin kwasar kaya nake yi a Hambug ta ƙasar Jamus, kuma kwanan nan aka haɗa ni da wani ƙanenmu sabon zuwa, ba Jamusanci ba Turanci. Da Hausa nake koya masa aiki, komai lafiya lau, sai da muka zo kan fiyano.

Ba fiyanon situdiyo nake nufi ba, wanda yaro zai saɓa a kafaɗa. Babban nan na katako mai ƙafa uku. Mafi girman na kamfanin Steinway, waɗanda suka buɗe masana'anta a garin nan tun 1880, tsawonsa santimita 274, nauyinsa wajen kilo 480. A cikinsa akwai ƙarfen zubi da ke riƙe da tsirkiya sama da 200. A kan ƙafafunsa ba ya shiga ƙofa. Dole a kwance ƙafar hagu, a saukar da shi a hankali kan dogon gefensa miƙaƙƙe, bisa wani katako mai laushin shimfiɗa, a naɗe shi da barguna, a ɗaure, sannan a cire sauran ƙafafun.

Wurin saukarwar nan ne ake kuka. Wasu kan bar nauyin ya bi ta kan itacen da ke riƙe da fedoji, alhali ba don ɗaukar kaya aka yi shi ba. Na taɓa jin ƙarar tsagewarsa a gidan wata tsohuwa, har yau ba na son tunawa da fuskarta. Shi ya sa ake da wani lanƙwasasshen ƙarfe da ake kafawa a ƙarƙashi, fiyanon ya mirgina a kansa sannu sannu. Turawa na ce masa "tilta". Mu fa?

Amsa ta farko, daga wani makanike:
Malam ai jak ne. Ka ce jak ɗin fiyano ka huta.

Ranka ya daɗe, jak ɗagawa yake yi sama. Wannan juyar da abu yake daga tsaye zuwa gefe. In na ce wa yaron "kawo jak", na mota zai ɗauko min.

Wata malamar Hausa:
Daga karkata sai a samu makarkaci, kamar yadda buɗe ya ba da mabuɗi, auna ya ba da ma'auni. Ginin kalmar daidai yake.

Malama, ginin kam ba shi da aibu, kuma har na yi kwana biyu ina amfani da shi. Abin da ya dame ni, idan Bahaushe ya ce kaya sun karkata, ba labari mai daɗi yake bayarwa ba. Mota ta karkata, jaki ya karkatar da mangala, saura faɗuwa. Ni kuwa abin da nake so yaron ya ji a cikin sunan shi ne natsuwa.

Wani dattijo:
Ɗana, abin da kake kwatantawa kishingiɗa ne. Mutum ba ya faɗuwa ya ce ya kishingiɗa. Da niyya ake yi, a kan gefe ɗaya, a hankali, kuma akwai abin da ya tokare shi.

Baba, ka gama magana. Makishingiɗi. Ya yi tsawo a baki, na yarda, amma duk abin da nake dubawa kafin in amince da ƙarfen yana cikin kalmar. Ya iya ɗaukar nauyin da aka rubuta a jikinsa ko kuwa walda ce ta jeka-na-yi-ka? Inda yake taɓa katako akwai gammo, ko zai ƙwarzane fenti? Idan aka kai rabin hanya aka tsaya, zai zauna ko zai zame a kan tayil? Wanda ya kasa ɗaya daga ciki makarkaci ne, Malama, sai mu bar masa wancan sunan.

Sauran kayan ba su ba mu wahala ba. Katakon da ake kwantar da fiyanon a kai, wani ya ce makara, na ce a'a, kada mai kaya ta ji fassarar. Gadon fiyano ya isa. Ƙaramin keken nan mai tayoyin roba huɗu, 'yar kura. Bel ɗin ɗaurewa kuwa yaron da kansa ya raɗa masa majanyi, don ya ce goyo muke yi.

Shi kansa fiyanon ma an yi gardama. Jamusawa fiffike suke ce masa saboda siffarsa, Faransawa da Italiyawa kuma mai wutsiya. Malama ta zaɓi fiyano kwance, kishiyar fiyano tsaye da ake jinginawa da bango. Na so in karɓa, sai na tuna a wajenmu sai mun cire masa ƙafa yake kwanciya. Mun tsaya a kan mai fiffike.

Gobe da asuba muna da ɗaya a hawa na uku, benen kuma ba lifta. Zan ce wa yaron ya ɗauko makishingiɗi, in ga ko harshensa zai iya kafin ya sha shayi.