Dillali ya ce sai na sa hannu a takarda kafin ya nema mini gida: in sa ko in fasa?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi ritaya bayan shekara 35 ina aiki, na haɗa kuɗin sallamata da na wani fili da na sayar domin in sayi gida a Kano, wajen Rijiyar Zaki ko Kabuga, wanda bai wuce naira miliyan 30 ba. An haɗa ni da wani dillali mai ofis, ya ce ba zai fara zagayawa da ni ba sai na sa hannu a wata takarda mai shafi biyu da aka rubuta da Turanci. Ɗana ya karanta mini ita. Ta ce tsawon wata shida ba zan nemi gida ta hannun kowa ba sai ta hannunsa, la'adarsa kashi 5 cikin 100 ce, zan biya ta ko da ni na samo gidan da kaina a cikin wannan lokaci, sannan zan ba da naira dubu 50 kuɗin zagaye da ba a mayarwa. Abin da ya ƙara tsayar da ni shi ne kawuna ya riga ya yi mini maganar wani gida a Ɗorayi, kodayake ban je na gani ba. Shin haka ake yi yanzu, ko kuwa so ake a ɗaure ni?

Wani dattijo, tsohon dillali:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Na yi dillancin gidaje da filaye shekaru masu yawa ban taɓa miƙa wa mai saye takarda ba, domin a yadda muka gada, la'ada ba ta zama haƙƙin dillali sai ciniki ya faɗa, an sallama, kuɗi sun shiga hannun mai gida. Amma ba zan ɗora wa yaron nan laifi duka ba. Sau da yawa dillali zai ƙona mai, ya yini a rana yana nuna gidaje, mai saye ya ce babu wanda ya yi masa, bayan mako biyu ya zagaya ta baya ya sami mai gidan su gama ciniki. An yi mini haka fiye da sau ɗaya. Takardar tasa maganin masu zagayawa ta baya ce, sai dai ya cika mata gishiri. Ki ce masa kin yarda da la'ada a kan duk gidan da shi ya kai ki, amma gidan da kawunki ya samo babu guminsa a ciki.

Wani lauya:
Hajiya, shawarata ita ce ki sa hannu a yarjejeniya, amma ba wannan da aka ba ki ba sai an gyara ta. Rubutu ya fi kare mai saye a kan maganar baki, domin ranar da aka biya kuɗi ne ake ganin mutane huɗu ko biyar kowa yana cewa da shi aka yi. Da zarar kin sa hannu, kotu za ta ɗauka kin karanta kin amince, kuma cewa da Turanci aka rubuta ba zai fitar da ke cikin sauƙi ba, tunda an karanta miki.

Wata shida ya yi yawa ga wanda ba ki taɓa gwada aikinsa ba. Ki nemi a mayar da shi wata ɗaya ko biyu, tare da sharaɗin cewa kowane ɗayanku zai iya janyewa da sanarwar mako guda a rubuce. A haɗa da wata takarda da za a riƙa rubuta adireshin kowane gida da ya kai ki da ranar da kuka je, kuna sa hannu ku biyu, kuma a kan waɗannan gidaje kaɗai la'ada za ta hau kanki. Gidan Ɗorayi a ambace shi ƙarara cewa ba ya ciki.

Inda na fi so ki lura shi ne lokacin biyan la'adar. Kashi 5 na miliyan 30 naira miliyan ɗaya da rabi ne, kuma idan takardar ta ce ana biya da zarar an sallama, to za ki iya biya sannan bincike ya nuna gidan yana da matsala, ki rasa gida ki rasa la'ada. A rubuta cewa sai an tantance takardu, an biya mai gida, an miƙa miki makullai. Dubu hamsin ɗin kuma a cire ta daga cikin la'adar idan an yi ciniki. A kuma rubuta cewa dole ne ya bayyana miki idan yana karɓar wani abu daga mai sayarwa, domin wanda zai ci kaso daga farashi a ɓangare biyu ba shi da dalilin tsananta tayi a madadinki.

Kada kuma ki ɗauka wannan takarda ta shafi mallakar gidan. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, kuma gidan da ke da takardar shaidar mallaka ba a kammala sauya masa mai shi sai da amincewar gwamna. Binciken fayil a hukumar KANGIS mai ajiye bayanan filaye a Jihar Kano, don a ga sunan wa ke kan takardar da ko an jinginar da gidan a banki, aikin lauyanki ne, ba na lauyan da dillali zai kawo ba. Kuɗin gida kuma su tafi asusun mai gida kai tsaye. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ma ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba tare da an bi ta banki ba.

Wata 'yar kasuwa:
Yaya, ni rashin takarda ne ya cuce ni. Na sayi gida ta hannun dillali ɗaya da na sani, muka yi magana da baki a kan abin da zan ba shi. Ranar biya sai ga 'yan kayi-nayi uku, wannan ya ce shi ya gaya wa wancan, wancan ya ce shi ya san mai gadin gidan, har gaban mai unguwa muka je, na ƙara kuɗi don kawai a rabu lafiya. Daga baya na ji daga bakin ɗaya daga cikin magadan cewa abin da aka kai musu bai kai abin da na biya ba, wato an yi ɗori a tsakani. Don Allah ki sa a rubuta cewa shi zai sallami duk wanda ya taya shi daga cikin la'adarsa, kuma ba za ki biya ko kwabo ba sai kin zauna da mai gidan ido da ido kin ji farashi daga bakinsa. Idan gidan gado ne, ki tabbata duk magada sun amince, mata da maza.

Wani malami:
Ta fuskar shari'a, ladan dillanci halal ne, kuma malamanmu na Malikiyya suna sa irinsa a babin ji'ala, wato ladan da ba a cancanta sai an kammala aikin da aka yi alkawari a kansa. Rubutawa da kafa shaidu kuwa abu ne da aya ta 282 a Suratul Baƙara ta kwaɗaitar a kai. Abin da zuciyata ba ta natsu da shi ba shi ne sharaɗin biyan la'ada a kan gidan da bai yi wani aiki a kansa ba. Amma ki sani, Hajiya, Musulmi suna kan sharuɗɗansu, don haka gyara kafin sa hannu ake yi, ba a sa hannu da niyyar warwarewa daga baya.

Wani magidanci:
Da girmamawa ga Barista, ni ban ga dalilin wannan wahala ba. Dillalai sun cika Kano, ki bar shi ki nemi wanda zai yi miki aiki ba tare da takarda ba.

Lauyan ya ƙara da cewa:
Alhaji, za ta iya yin haka, babu dokar da ta tilasta mata. Sai dai wanda ya yarda ya rubuta sunansa da adireshin ofishinsa ya fi sauƙin kamawa idan an sami matsala. Hajiya, ki tambaye shi takardar rajistar kamfaninsa, idan kuma ya ce shi ƙwararren mai ƙiyasta kadarori ne, ya nuna miki lambar rajistarsa da hukumar ESVARBON, wadda ke yi wa masu wannan sana'a rajista a Najeriya.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya na koma ofishinsa tare da ɗana da jerin gyare-gyaren da Barista ya faɗa. Ya amince da wata biyu, da rubuta adireshin gidajen, da cire gidan Ɗorayi, da kuma sallamar mataimakansa daga nasa kason. A kan lokacin biyan la'ada ne muka tsaya, domin yana so a ba shi rabi ranar da aka ba da kafin alƙalami, ni kuma na ce sai makullai sun zo hannuna. Da na tambaye shi ko yana karɓa daga masu sayarwa, sai ya ce wannan ya danganta da gida. Ban sa hannu ba tukuna. Na ce ya sake buga takardar da Hausa da Turanci, ranar Asabar kuma zan je Ɗorayi tare da kawu in ga wancan gidan.