Raba kujeru tsakanin addinai: magani ne ko rufa-rufa?

Daga zauren WhatsApp na unguwarmu, Gombe

Malam Isa: Salamu alaikum. Ni dai ina nan kan bakana: inda addini ya raba jama'a, a raba kujerun mulki a rubuce. Ku dubi Ireland ta Arewa. Kusan shekara 30 ana zubar da jini tsakanin masu son haɗewa da Jamhuriyar Ireland, galibi 'yan Katolika, da masu son zama ƙarƙashin Birtaniya, galibi 'yan Furotesta. Sama da mutum 3,500 suka rasu. Yarjejeniyar 1998 ta ɗaure su a gwamnati ɗaya, har a 2007 Ian Paisley, jagora a ɓangaren Furotesta, da Martin McGuinness, jigo a ɓangaren Katolika, da ba sa ga maciji, suka yi mulki tare.

Anti Rahila: Malam, ka tsallake Lebanon da gangan ko? Tun 1943 suka raba: shugaban ƙasa Kirista Maroni, firaminista Sunni, kakakin majalisa Shi'a. Hakan bai hana yaƙin basasa daga 1975 zuwa 1990 ba. Rabonsu da ƙidayar jama'a tun 1932, don kowa na tsoron abin da lissafi zai tono.

Bello: Ita ma majalisar Ireland ta Arewan ai a rufe take daga 2017 zuwa 2020, ta sake rufewa daga 2022 zuwa 2024. Katangun da suka raba unguwanni a Belfast, babban birninsu, suna nan tsaye.

Malam Isa: Bello, gara majalisa a rufe da maƙabarta a buɗe.

Kawu Garba: Kai, me ya kai ku Turai? Mu ma muna yi ba tare da takarda ba. Tun 1999 daga Gombe ta Kudu, inda Kiristoci suke da yawa, mataimakin gwamna ke fitowa.

Anti Rahila: Kawu, Allah ya ƙara girma, ba ɗaya ba ne. A Belfast sunan ne kawai mataimaki, amma ikonsu ɗaya da na babban minista. In ɗaya ya ajiye aiki, ɗayan ma ya sauka. Namu fa? Sai abin da gwamna ya ga dama ya miƙa masa, wakilci wajen ta'aziyya ko ɗaurin aure.

Kawu Garba: Duk da haka da babu gara ba daɗi, 'yata.

Malam Isa: To ai kin dawo layina ke nan, Anti. A rubuta, a ba shi iko na gaske.

Anti Rahila: Ban dawo ba. Ranar da aka rubuta addini kan kujera, jikanka ma da shi zai nemi ƙuri'a.

Bello: Ku fara nemo mana gwamnan da zai sa hannu tukuna.