Shin ya dace in sassaƙa bushin ƙafar motata da kaina a Panteka?

Mai 504 daga Rigasa ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina da Peugeot 504 doguwa wadda na gada daga mahaifina, irin waɗanda aka haɗa a nan Kakuri, kuma da ita nake ɗauko masara daga Saminaka sau biyu a mako. Abin da ya dame ni shi ne bushin ƙafar gaba, wato robar da ake cusawa a gaɓoɓin hannun ƙarfen da ke haɗa taya da jikin mota. Cikin shekara guda na canja su sau huɗu. Sau biyu na sayi sababbi a kwali suka tsage kafin wata uku, sau ɗaya na sa na Beljiyam waɗanda robarsu ta riga ta bushe ta dare kamar ƙasar fadama da rani, na ƙarshe kuma makanikina ne ya yanko mini daga tsohuwar tayar babbar mota. Duk lokacin da suka mutu sai sitiyari ya riƙa rawa, motar ta ja gefe idan na taka birki, tayar kuma ta cinye ta ciki.

Ƙanena yana aiki a kan injin sassaƙa ƙarfe a kasuwar Panteka ta Kaduna, kuma na ga ana sayar da sandunan farar roba mai tauri da ake kira teflon. Shin zan iya sa shi ya sassaƙa mini bushin daga ita, in huta? Idan zai yiwu, yaya ake aunawa, kuma akwai haɗari a ciki? Ina roƙon masana su taimaka, domin motar nan ita ce abincin gidana.

Baba Tsohon Ma'aikaci, Tudun Wada, ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Zai yiwu, na yi irin wannan aiki da hannuna sau da yawa, amma ka fara sanin abin da za ka saya. A kasuwa duk farar sanda mai tauri teflon ake ce mata, alhali kuwa iri uku ne mabambanta. Teflon na gaskiya bai dace da wannan aiki ba sam, domin idan nauyi ya daɗe a kansa yana baje wa a hankali kamar tuwo mai zafi, sai ramin ya yi faɗi. Nailan yana da ƙarfi, amma yana shan laima, don haka abin da ka auna daidai da hunturu zai iya kumbura ya kama bututun ƙarfen da ke tsakiyarsa da damina. Wanda ya fi su shi ne asetal, wanda kamfanin DuPont ya sa wa sunan Delrin: yana sassaƙuwa sumul, kuma ba ya canja girma sosai saboda ruwa.

Hanyar gane su ita ce sikeli. Sanda mai kaurin milimita 40 da tsawon milimita 100, idan nailan ce za ta kai kimanin giram 145, idan asetal ce kimanin 180, idan kuwa teflon ce za ta kai wajen 275. Ka tafi da ƙaramin sikeli, kada ka dogara da bakin mai shago, shi ma sau da yawa haka aka sayar masa.

Wajen awo, kada ka auna tsohon bushin, domin ya riga ya lalace. Ka fitar da shi, ka wanke ramin hannun ƙarfen, ka kankare tsatsa, sannan ka auna ramin da ma'aunin kalifa, wato abin auna kauri da faɗin rami, a wurare uku ko huɗu, saboda tsohuwar mota raminta yakan zama kamar ƙwai. A sassaƙa bayan robar ya ɗara ramin da kamar kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na milimita, yadda sai an matsa za ta shiga. Ka gaya wa ƙanenka ya wasa bakin ƙarfen yankansa har ya yi kaifin aska, kada ya matse robar da ƙarfi a bakin inji, kuma ya bar ta ta huce kafin awon ƙarshe, domin zafi yana buɗa ta fiye da yadda yake buɗa ƙarfe. Idan ya ji wani wari mai yaji yana shiga masa ido, to asetal ɗin ya fara ƙonewa, ya sassauta. Ramin tsakiya kuma a ƙarasa shi bayan an matsa robar cikin hannun, saboda matsin yana tsuke shi.

Babban kuskuren da nake gani wurin yara shi ne su zura bol kai tsaye cikin roba. Dole a sassaƙa bututun ƙarfe mai santsi ya shiga tsakiya, kuma ya fi robar tsawo da kamar rabin milimita, ta yadda idan an ɗaure noti ƙarfe ne zai kama ƙarfe, robar kuma ta juya a kan bututun.

Injiniya daga Barnawa ya amsa:

Baba, Allah ya ƙara girma, bayaninku a kan sassaƙa babu abin gyarawa. Sai dai ina so Malam mai tambaya ya fahimci abu ɗaya kafin ya sayi ko da taƙi guda na wannan sanda. Bushin da kamfani ya yi ba juyawa yake yi ba, murɗewa yake yi. An manne robar da bututun ciki, kuma idan taya ta faɗa rami robar ce ke lanƙwasa sama da ƙasa, gaba da baya, har da ɗan karkacewa, ta shanye bugun kafin ya isa jikin mota. Asetal ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Juyi ɗaya kawai ya sani, kamar na ƙyauren ƙofa. Idan aka sa shi a gaɓar da ke bukatar karkacewa, gaɓar za ta cije, kuma ƙarfin da roba ta saba shanyewa zai koma kan walda da kunnuwan da ke riƙe da hannun. Motar da ta yi shekaru tana ɗaukar buhuna a kan gargada, ƙarfenta ya riga ya gaji, kuma tsagewar kunnen hannu a kan gudu ba ƙaramar musiba ba ce.

Shawarata ita ce a ɗaga motar, a cire taya, a motsa hannun a ga yadda kowace gaɓa ke tafiya. Bushin sandar da ke hana mota tangaɗi a kwana, wannan juyi ɗaya yake yi, ana iya gwaji da shi ba fargaba. Na hannun ƙasa kuwa, idan har sai an ƙera, wani nau'in roba da ake kira polyurethane ya fi dacewa, domin yana da ɗan laushi. Ana auna taurinsa da ma'aunin Shore A: robar kamfani takan kasance tsakanin 60 da 70, polyurethane na mota kuma daga 80 zuwa 95. Mai taurin 90 zuwa sama yana sassaƙuwa. Wanda ya fi haka laushi yana guje wa bakin yanka, sai an kwana da shi a firiza an yi sauri kafin ya saki. Yana bukatar giris mai silikon, kuma a tuna cewa ƙurar hunturun Kaduna idan ta haɗu da giris tana zama kamar yashin goge ƙarfe, don haka wanke shi da sake shafawa ya zama aikin kowace shekara.

Makaniki a Kawo ya amsa:

Ranku ya daɗe, ni tambaya nake da ita ga mai motar. A ina aka ɗaure notin bushin nan, motar tana kan jak ko tana tsaye a kan tayoyinta? Idan aka ɗaure tana rataye, da zarar an sauke ta robar ta riga ta murɗe tun ba a yi tafiya ba, kuma ko ta kamfani ce ba za ta yi ƙarko ba. A kuma duba ko baƙin mai yana ɗiga a kanta, domin mai yana jiƙa roba ya ruɓar da ita, sannan a gwada shokozoba, don idan ta mutu bushin ne ke ɗaukar dukan da ya kamata ta tare.

Mai 504 daga Rigasa ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Yau da safe na shiga ƙarƙashin motar da tocila. Bushin ɓangaren direba jiƙe yake sharkaf da baƙin mai, har robar tana manne wa yatsa, kuma da na tuna, duk sau huɗun nan a kan jak aka ɗaure su ina tsaye ina kallo. Zan fara toshe yoyon man, in sa sababbin na roba a hannun ƙasa, a ɗaure su motar tana ƙasa, sannan in kai ta a daidaita ƙafafun. Na sandar tangaɗi kuwa za mu sassaƙa da ƙanena ranar Asabar. Baba, sandar tangaɗin nan ta ɗan cinye a daidai inda bushin ke zama, har farce yana kamawa a wurin. In auna ramin robar da wurin da ya cinye, ko kuwa sai an cike shi an goge tukuna?