Fayil ɗin Baba ya koma intanet, wa ke iya buɗe shi?

Maman Ilham, Jekadafari, Gombe:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Asibitin kuɗi da nake kai Baba saboda ciwon suga ya daina fayil na takarda. Yanzu lambar kati kawai za ka faɗa, likita ya danna kwamfuta komai ya fito: awon jini, magunguna, har gwajin hantar da aka yi masa bara. Nas ɗin ta ce bayanan ma ba a asibitin suke ba, suna ma'ajiyar wani kamfani ta intanet. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Unguwarmu kowa ya san kowa, ga ƙanwar maƙwabciyata a teburin kati take aiki. Wa ke iya gani? In sirrinsa ya fita, wa zan kama?

Injiniyan Wunti, Bauchi:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kutse daga waje yana faruwa, ban musa ba. A 2017 wata muguwar manhajar kutse mai suna WannaCry ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila da dama, a 2024 kuma aka kwashe bayanan mutum kusan miliyan 190 daga kamfanin Change Healthcare mai sarrafa bayanan lafiya a Amurka. Amma a wuraren da na sa wa manhaja, ɓarakar ta cikin gida ce ta fi damuna. Kalmar sirri ɗaya ma'aikata goma ke amfani da ita, wani lokacin a rubuce a manne jikin kwamfuta. Wani ya ɗauki hoton sakamako da wayarsa ya tura WhatsApp, shi ke nan zance ya ƙare. Ki tambaye su ko kowa da tasa kalmar sirrin, ko mai teburin kati na ganin sakamakon gwaji ko kuwa sunan mutum da lambar wayarsa kawai, sannan ko manhajar na rubuta wanda ya buɗe fayil da lokacin da ya buɗe. In suka fara kame-kame, kin ji amsarki.

Barista, Tudun Wada:
Asibitin za ki kama, Hajiya, ba shi da damar fakewa da kamfanin. Sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya ce bayanan mara lafiya sirri ne. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa na lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, kuma in aka yi kutsen da zai iya cutar da mutane, dole su sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC, cikin sa'a 72. Baba da kansa na iya neman kwafin abin da suka ajiye a kansa.

Malam Mai Ritaya, Pantami:
'Yata, a ɗakin fayil na yi aikina har na ajiye. Gara ta ci wasu, ruwan damina ya jiƙa wasu, masinja kuma kan leƙa a hanyar zuwa ofishin likita ba wanda zai sani. Ni abin da zan tambaye su daban ne: ranar da netwok ya ɗauke, Baba ya zo a galabaice, a ina likita zai ga adadin allurar insulin da ake yi masa?