Jirgin alminiyo da tafkin Gidimuni

Ɗan Birni: Salamu alaikum jama'ar zaure. Raina a ɓace yake. Na sayi ɗan jirgin alminiyo na hannu don in mai da shi na su. Na kai wa wani mai walda ya kafa mini benci da wurin rataya koma, sai ya ɗora masa wutar da yake liƙa ƙofar ƙarfe da ita. Nan take ya huda gindin, har yatsa na shiga. Wai kuma in biya shi kuɗin aiki! Duk da haka ina kan bakana, alminiyo ya fi katako. Mutum biyu sun ɗauke shi, ba ya ruɓa, ba kwasar ruwa kowace safiya. In ya gyaru, tafkinmu na Gidimuni zai ga aiki.

Jikan Masunta: Tafkinku? Ku da wa?

Ɗan Birni: Mu Damagarawa mana.

Jikan Masunta: Malam, daga Birni sai ka wuce Miriya, ka ci kusan kilomita 70 kafin ka ga ruwan nan. Mu da kacala ke yanka mana ƙafa muna buɗe wa kifi hanya, ba mu taɓa ganin ɗan birni da lauje ba. Sai tarwada ta yi ƙiba ne ya zama naku?

Makerin Zango: Ku dakata in faɗi nawa. Alminiyo na narkewa a digiri 660, ƙarfe kuwa sai ya haura 1500. Wutar ƙofa ba tasa ba ce, walda mai iskar argon yake so. In babu, a yanko faci na alminiyo, a shafa gam, a buga ribit. Kada ka ɗaure shi da ƙusar ƙarfe ko ta jan ƙarfe, in sun jiƙe tare alminiyon ne ke cinyewa a gefen ƙusar. Benci kuma ya zauna ƙasa ƙasa. In ka ɗaga shi sama, ranar da ka miƙe jan koma jirgin zai kife da kai, don ba shi da nauyin da zai riƙe ka. Ka ɗaure jarkoki marasa komai ƙarƙashin bencin, a rufe su ruf.

Malamin Lekwal: Ruwa na ƙasa ne baki ɗaya. Duk mai takardar izinin su daga ma'aikatan gandun daji yana da haƙƙin cewa tafkinmu.

Jikan Masunta: Takarda ba ta san inda ruwa ke da zurfi ba, Malam. Ya je ya gai da sarkin ruwa tukuna.

Hajiya Mai Kifi: Ƙanena, ba da faɗa ba. In tafkin naku ne ku kaɗai, wa ke sayen karfasar? Mu ne muke tsaye gaban kasko a Damagaram har dare. Kuɗin birni namu ne, ruwa naku ne, haka ake yi?

Jikan Masunta: Hajiya, ke ce za ki yi maganar kuɗi? Ku da kuke karya mana farashi tun a bakin ruwa, don kun san kifi ba ya jiran gobe?

Hajiya Mai Kifi: Kuɗin mota da ƙanƙara kai kake biya?

Baba Mai Dabino: Yarana, mu masu lambu a gefen tafkin ba a ma tuna da mu. Rake da dabinon da kuke ci daga wannan dausayin suke sha. In za a ce namu, mu ne farko.

Ɗan Birni: Jama'a, ni maganar jirgi na kawo. Makeri, ina zan sami mai argon? Na ji an ce sai Kano.

Makerin Zango: Wa ya ce sai Kano? A garin da aka ƙera igwa tun zamanin Sarki Tanimun? Raini ke nan ga makeran Damagaram. Mutum ɗaya ya ɓata maka aiki, ka haɗa mu duka.

Malamin Lekwal: Zubin igwa daban, walda daban.

Makerin Zango: Malam, ka taɓa riƙe guduma?

Jikan Masunta: Ko ya gyaru, kwanon nan ƙara gare shi. Filafili ya taɓa gefensa, kifin da ke nesa ya ji ya gudu. Da rana kuma ba ka iya taka shi ba takalmi.

Makerin Zango: Tabarmar roba a ƙasa, tsohon tayar babur a gefe, an gama.

Shugaban Zaure: To, a tsaya nan, dare ya yi. Abin da na fahimta, yawancin jama'a sun yarda alminiyo ya fi katako, kuma tafkin na Damagarawa ne duka, kamar yadda Malam ya bayyana da hujja. Hajiya ma ta yi gaskiya kan kuɗin mota, ni kaina ina saye wurinta. Jikan Masunta ya ɗauki zafi fiye da kima, ya kamata ya ba Ɗan Birni haƙuri tunda makwabcina ne, na san ba shi da raini. Ɗan Birni, kada ka biya mai waldan nan ko dala. Ka kai wa Makeri jirgin ranar Asabar ya duba ramin.