Wa ya taɓa shafa jel ɗin tsirrai a kan kirci?

Ɗalibar Famasi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Aikin kammala karatuna shi ne haɗa jel na alobera da ganyen darbejiya don kircin nan mai ƙaiƙayi da bushewar fata. A ɗakin gwaji komai ya yi kyau, garin Carbopol mai sa ruwa ya yi kauri ya kama ruwan tsirran, a ma'aunin tsami (pH) ya tsaya wajen 5.5 kamar na fatar mutum. To amma kwalba ba ta susa. Ku da kuka shafa irinsa, me kuka gani?

Maman Biyu: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Na ɗana a lanƙwasar hannu yake da bayan gwiwa. Alobera nake yankowa a tukunyar tsakar gida, in bar ruwan ɗorawan nan ya tsiyaye tukuna, don shi ke sa zafi, sannan in kankare na cikin. Sanyinsa na kwantar da susa har yaro ya samu barci. Lokacin zafi lafiya lau. Hunturu na shigowa labari ya canja: jel ɗin ya bushe nan da nan, fatar ta ɗaure, ta tsattsage har da jini. Yanzu da na fito da shi daga wanka, jiki da sauran danshi, sai in shafa jel, in bi shi da man kaɗanya. In ban bi da man ba, wallahi gara ban shafa ba.

Mai Wankin Mota: Nawa a hannu ne, garin sabulu ya jawo min. Na dafa darbejiya na jiƙa hannu, inda ya tsage ya yi raɗaɗi kamar an zuba barkono. Safar roba ce ta cece ni.

Hajiya Babba: 'Yata, ki ja kunnen mutane kan man kasuwa mai hoton ganye a jiki. Na sayi wani, cikin 'yan kwanaki wuyana ya yi sumul, ina ta sa wa mai shi albarka. Da ya ƙare abin ya dawo ya fi da, wurin ya yi haske, fatar ta yi siriri. Likitar fata ta ce alamun sitiroyid (maganin rage kumburi da ƙaiƙayi) mai ƙarfi ne aka cusa ba a rubuta ba. Ko lambar NAFDAC babu a robar.

Nas Mai Ritaya: Ba duk abin da ya fito daga tsiro fata ke so ba. A 2013 masu bincike a Sheffield ta Ingila sun gwada man zaitun da man sanfulawa a hannun manya na mako 4. Zaitun ya raunana garkuwar fata, ɗayan bai yi ba. Na san yadda muke ji da zaitun, amma na daina sa wa jikata. Jel kuwa an gwada na saiwar likoris (wani tsiro mai saiwa mai zaƙi) a Iran a 2003, mai ƙarfin kashi 2 cikin 100 ya fi mai kashi 1 rage ja da ƙaiƙayi cikin mako 2. Kuma in wurin ya fara ruwa da ɓawo ruwan zuma, ƙwayar cuta ta shiga, asibiti za a je.

Ɗalibar Famasi: Na gode, Baba. Anti Maman Biyu, zan gwada gauraya man kaɗanya a cikin jel ɗin tun daga haɗi. Wanda kike kankarewa yana jimawa?

Maman Biyu: Ina! Da wannan wutar tamu? Kafin jibi ya yi wari ya tsinke. Na yini ɗaya nake yankowa.