Lissafin adashe a kan bulokcen: Tableland ko PostgreSQL?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina gina manhajar lissafin adashe ga wata ƙungiya mai mambobi kusan 300, kuma shugabanninta ba sa so mutum ɗaya ya iya sauya lissafin a ɓoye. Shin in zuba jadawalin a Tableland, wato rumbun bayanai inda umarnin SQL (harshen sarrafa jadawali) ke bi ta kwangilar bulokcen (kundin da na'urori da yawa ke riƙewa tare, wanda ba a iya sauya abin da ya shiga), ko kuwa in riƙe PostgreSQL, manhajar rumbun bayanai ta yau da kullum, a sabarmu, in riƙa aika hatimin lissafin kaɗai (lambar da ke sauyawa idan an taɓa lissafin) zuwa bulokcen?

Ɗalibin kwamfuta: Wa alaikumus salam. Malam, ka koyi Rell, harshen shirya manhaja na bulokcen ɗin Chromia, ka koma can, domin ita a kan PostgreSQL aka gina ta.

Tsohuwar ma'aikaciya: Ɗan uwa, ni na ɗanɗana kuɗata. A wani kamfani da na yi wa aiki mun zuba sunaye da lambobin wayar mutane a jadawalin bulokcen da kowa ke iya karantawa. Da wata baiwar Allah ta nemi a cire nata, mun goge layin, amma umarnin da ya shigar da shi tun farko yana nan daram a tarihin bulokcen. Ni aka tura in yi mata bayani, kuma har yau abin yana ci mini rai, domin amana ta ba mu.

Mai tambaya: Allah Ya kyauta, Hajiya. To, batun kuɗi fa?

Injiniya: Ajiye sabon gurbi mai bait 32 a bulokcen ɗin Ethereum yana cin gas (ma'aunin kuɗin aiki a bulokcen) 20,000, kuma a 2021 na biya sama da dala 30 a rubutu ɗaya.

Ɗalibin kwamfuta: Ranka ya daɗe, wannan tsohon farashi ne. Tun bayan gyaran Dencun da aka yi wa Ethereum a Maris 2024, abin da nake biya a Arbitrum, wata hanya mai rahusa da aka gina a kan Ethereum, bai kai kuɗin ruwan leda ba.

Injiniya: Wanda bai taɓa riƙe kuɗin jama'a ba, gwajin ɗakin karatu kawai ya sani.

Wani mamba: Ku ba uwar adashe littafi da biro, ita ba ta cin gas sai na girki!

Tsohuwar ma'aikaciya: Ko da kyauta ne, kada sunan kowa ya hau.

Injiniya: Ni damuwata ita ce na'urar tantancewa, wato mai bin umarnin da ke bulokcen tana gina jadawalin, domin idan ba ku kunna taku ba, kun koma dogara da ta wasu. Tawa ta yi kwana uku tana bin baya saboda ɗaukewar wuta, ga kuɗin hayar saba da ake biya da dala. Akwai wanda ya gwada riƙe ta da sola a cikinku?